Waƙar babur ɗin Baffanki

Kishiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da karatun naki. Saƙonki ya iso. Yaron gidan nan ya karanta mini shi a waya, da ya zo kan baitocin na ce ya sake. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, matar Baffanki ta leƙo tana tambayar ko lafiya, na ce mata lafiya lau, kishiyata ce ta aiko da tsiyarta daga birni. Ban bari ta ji ba. Amsa kuwa na ƙi yin ta da baki, don in na soma surutu a wayar nan sai katin yaron ya ƙare ban kai rabi ba. Na zauna na rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci zamanin Rimi, shi kuma zai kwafe miki. Duk inda kika ga harafi ya karkace, hannunsa ne.

Wai tambaya kike ko a al'ada ya halatta ki sa sunan Baffanki a waƙar da kika yi wa babur ɗinsa, ki ɗora a Facebook jama'a su gani. Kuma wai wata ta ce miki 'yar gidan malamai ba ta waƙa sai 'ya'yan maroƙa, kina so ki ji ko haka ne. Ga abin da kika rubuta, don kada gobe ki ce ba haka kika ce ba:

Babur ɗin Baffa sarkin tari,
Ba ya tashi sai an yi gayya,
In ya tashi kaji su watse,
In ya mutu yara su sha wuya.

Ƙarya dai ba ki yi ba. Ko ranar Lahadin nan da zai tafi kasuwar Gujungu, sai da almajirai suka tura shi har bakin makabarta kafin ya kama. Amma ke 'yar nan, suna? Ni da na ɗauki cikinsa, na yi wankan jegonsa kwana arba'in da tafasasshen ruwa da ganye, yau shekara hamsin da ɗoriya sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ne. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, in ya yi kuka a gabana sai in kau da kai kamar ban ji ba, alhali cikina yana juyawa. Lokacin ƙidayar 1991, shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ce mun zama Jigawa, malamin ƙidaya ya tsaya a zaure yana tambayar sunayen 'ya'yana. Na jero masa duka na tsallake na farko. Ya ce lissafi bai cika ba. Sai da aka kira ƙanwar kakanki ta zo ta faɗa masa, yana ta mamaki, da alama ba ɗan ƙasar nan ba ne. To sunan da uwarsa ta ɓoye duk tsawon shekarun nan, shi ne kike so ki shanya a waya, a haɗe da tari da kaji.

Bari in fara da zancen maroƙan, ya fi sauƙi. Wadda ta gaya miki haka ta ji magana ne ba ta ji ƙarshenta ba. Roƙo sana'a ce, kuma gado ne. Maroƙi da kalangunsa ko bandirinsa yake zuwa, ya wasa ka, ya kira kakanninka, ka ba shi. In ka hana shi ya juya maka baki. Wannan ne gidajen malamai suke ƙi wa 'ya'yansu, wato a ce da bakinka kake ci, yabonka da zaginka duk na sayarwa ne. Amma haɗa magana ta zauna daidai, wa ya fi malamai yin ta? Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ai waƙa ta yi, da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta ba matan da ta koyar, waɗanda ake kira jaji, suka riƙa kai wa matan ƙauyuka suna haddacewa, da ita suke koyon addini. Wa ya isa ya kira ta maroƙiya?

Ba sai mun je Sakkwato ba ma. Kakanki, Allah ya jiƙansa, mutumin da yaran unguwa suke ɓuya in sun hango rawaninsa, bayan rasuwarsa da aka buɗe gafakarsa za a raba littattafai, sai ga wasu 'yan takardu a naɗe a tsakiyar Ishiriniya, da ajami, da hannunsa. Almajirinsa babba ya ɗauka zai karanta da ladabi, yana zaton wata fa'ida ce. Ya fara da bisimilla da salati yadda ake buɗe kowace waƙa, baiti biyu-biyu, ƙafiya ba ta kuskure ba. Can sai muka ji:

Ya Allah Sarki kai ka yi giwa babba,
Kai ka yi sauro, ba mu ce don me ba.
Amma da dare in ya tsaya kan kunne,
Ladanin gari bai kai shi naci ba.

Ana zaman makoki, sai ga manyan mutane suna cusa bakin rawani a baki. Ni ina daga ciki, hawaye na zuba, dariya na zuba. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya ban san yana yi wa sauro waƙa ba. Akwai ta jakinsa, akwai ta wani haƙori da ya dame shi wata damina. Kowacce ya rufe ta da tammat bi hamdillahi, kamar wani babban littafi. Ba inda ya ambaci sunan mutum, ko ladanin ma bai ce wane ba, ko da yake kowa a zauren ya san ladani ɗaya ne a garin. Takardun suna wurin Baffan naki. Saboda haka in jini kike tambaya, ba daga waje kika ɗauko ba.

Mu mata kuwa ba mu da gafaka, dutsen niƙa ne namu. Kafin injin niƙa ya zo garin nan, tun asuba za ki ji gida-gida ana gurza dawa, kowace da muryarta. Abin da mace ba ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido, a kan dutse take faɗa. Ba ta kira suna ba, ba ta dubi kowa ba, niƙanta take yi. Mai shi yana kwance a ɗaki yana ji. In mai hankali ne, da rana sai a ga cefane ya gyaru. Innata takan ce, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shi ya sa habaici ya fi zambo daɗewa a gidan aure. Zambo sai ya nuna ka da yatsa, ya faɗi tsawon hancinka da irin tafiyarka. Habaici kuwa yana barin wa mutum ƙofar da zai fita da mutuncinsa, ya gyara abinsa, ba wanda ya ce da shi ake.

A garin nan an yi wata mata da ba a yi kamarta ba wajen wannan. Gwaggon kakanki ce, duk gari Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, zamanin da gyaɗa take gyaɗa, ana lodinta a jirgin ƙasa a tashar Ringim ana kai wa Kano ana dala da buhuna. Ba ta san alif ba, ba ta taɓa karɓar ko anini don waƙa ba. Amma kazarta in ta ƙi ƙwai sai ta sha baiti. Turminta da ya tsage ya sha. Hayaƙin ɗanyen itace ya sha. Tana tuƙin gyaɗa tana yi, in ta ga kin tsaya saurare sai ta ce, ke kama muciya, ba kallo aka kira ki ba. Washegari in kin ce ta maimaita ta jiya, sai ta ce ta jiya ta bi jiya.

Ranar da nake so in ba ki labari, shekarar da aka canza kuɗi ce, 1973, bayan Babbar Sallah, sanyi bai gama tafiya ba. Ina goye da Baffan naki a lokacin, bai fara zama ba. Mai unguwarmu na wancan zamani zai ƙara aure, ta uku, yarinya ƙarama daga wani ƙauye gabas da mu. Ki sani mai unguwa a lokacin ba abin wasa ba ne, ta hannunsa haraji yake bi, tun kafin Rimi ya soke shi a 1979. In ya ce bai ga kuɗinka ba, ka shiga uku. Maza in sun hango shi tun daga nesa suke cire takalmi.

Aka yi gayyar daɓen ɗakin amarya. Ke ba ki san daɓe ba, kin tashi a kan siminti. Tun kwana biyu kafin ranar ake jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, har ruwan ya yi ja ya yi kauri. A share ɗaki a daidaita ƙasa, yara su yi ta jido tsakuwa a kwando ana bazawa. Ranar aiki kowace mace ta zo da madaɓinta, a durƙusa a jere, ana yayyafa ruwan makuba ana bugu, daga ƙuryar ɗaki a yo baya-baya zuwa ƙofa, a koma, a sake. In hannu bai tafi tare ba, daɓe ba ya kwanciya, wani wuri ya yi tudu wani ya yi kwari. Waƙar ita ce take haɗa hannuwan. Kuma ranar daɓe namiji ba ya shiga, ko gidansa ne. Abin da ake faɗa a wurin, wani ko yanzu da na tsufa ba zan iya sa yaron nan ya kwafa ba.

Damunar da ta wuce ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi wuya, wadda ta biyo baya ma ta fi ta muni, ita ce ta babban farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa. To mai unguwa ya fitar da dawar kunun ma'aikata, amma ya auna ta da hannun mai tsoron gobe. Kunu ya zo tsararo, kina hango gindin ƙwarya. Mata suka dubi juna, ba wadda ta ce uffan. Uwargidansa ce take rabawa, kanta a sunkuye. Baiwar Allah nan tun safe take kai da kawo, ita ce ɗebo ruwa, ita ce miƙo goro, tana gyara wa wata ɗaki a gidan da ta shiga tun ba a yi masa katanga ba. Fuskarta ba yabo ba fallasa, amma duk wadda aka taɓa yi wa kishiya ta san abin da ke ƙarƙashi. Ke ma ai kin sani, tunda kika zo kika ƙwace mini miji.

Gwaggo ta kurɓi kunun, ta ajiye ludayi, ta ɗauki madaɓi. Ta ba mu amshi, ta ce duk abin da ta faɗa mu ce: a buga, ƙasa ba ta kai ƙara. Muka ɗauka. Ta fara da abubuwan da aka saba, yabon amarya, addu'ar zaman lafiya da 'ya'ya. Hannu ya daidaita, ɗaki ya ɗauki amo. Sai ta sauya:

Mai hular nan da ke leƙe ta katanga,
Ya auna dawa ya ƙirga ƙwaya.

A buga, ƙasa ba ta kai ƙara! Wallahi wasu sai da madaɓi ya suɓuce musu. Ashe ta hango ƙoƙuwar hularsa ta saman zana, ya zo duba ko aiki na tafiya. Ba ta saurara ba:

Ya sa wa gemu lalle wai shi yaro,
Gwiwa ta ce masa wannan ƙarya.

Ni dai tsoro ne ya kama ni. Ina sabuwar zuwa garin, na ɗauka yau za a kwana a gaban dagaci. Na taɓa wadda ke kusa da ni na ce mu tashi. Ta ce zauna ke dai, taubashinta ne. Uwarsa da uban Gwaggo ciki ɗaya suka fito, ɗan mace da 'yar namiji. Tun suna yara suke wannan, duk watan cika-ciki sai sun yi rigimar kuɗin shara a tsakar gari.

Sai kuwa ga muryarsa daga bayan zana, mutumin da ban taɓa jin ya yi dariya ba. Ya ce a gaya wa mai ƙuli da ya san za ta zo da bai sa yara wahalar jido tsakuwa ba, da ƙulinta aka baza, don ya fi kowane dutse tauri, rabin giɓin garin nan ita ta yi shi. Wuri ya kaure da guɗa. Gwaggo ta ce ya ji da kyau, amma tunda ya leƙa daɓe sai ya biya tara. Ya miƙo kuɗi ta saman zana, sababbi fil, 'yan kwabo goma-goma masu ƙyalli. Yawancinmu ranar muka fara riƙe su. Mu kwabon da muka sani mai huji ne, da taro da sisi da sule. An ce mana fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, amma tsofaffi ba su yarda ba, wata har da cizawa ta ji ko na gaske ne. Gwaggo ta juya ɗaya a tafin hannunta, ta koma kan gwiwa:

Kuɗi sabo, mata sabuwa,
Mai su ne kaɗai ya tsufa.

Muka ji takunsa ya yi gaba yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da ita, yana dariya.

Abin da ya fi zauna mini a rai ba wannan ba ne. Da rana ta karkata, hannu ya gaji, an zo bugun ƙarshe wanda ake yi a hankali don fuskar daɓe ta yi sumul, uwargida ta shigo da ƙwaryar ruwan makuba. Gwaggo ba ta dube ta ba. Ta sassauta murya:

Sabuwar ƙwarya ana ta shafa,
Tsohuwa ce ta san hanyar rijiya.

Ta maimaita, muka amsa. Matar nan ta tsaya da ƙwarya a hannu. Sai ta ajiye, ta karɓi madaɓin wata, ta durƙusa a cikinmu ta shiga bugu, tana amshi da ƙarfi fiye da kowa, hawaye na sauka a kan daɓen kishiyarta. Ba wadda ta ce mata yi haƙuri. Da aka tashi ita ce ta raka mu har zaure tana ta zolayar Gwaggo. Daɓen nan kuwa ya yi kyau, har aka rushe ɗakin bai fashe ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ba ki labarin ba. A cikinmu akwai wata amarya, sa'ata, ita ma ba 'yar garin ba ce, Allah ya ba ta murya da riƙe magana. Baitin ƙirga ƙwaya ya yi mata daɗi. Kwana biyu sai ta ɗauke shi a kan dutsen niƙanta da asuba, ta ƙara masa gishiri, ta sa sunan mutumin a ciki don ya zauna da kari. Gidansu zana ce ta raba shi da hanya. 'Yan talla suka ji, suka kai dandali da dare suka sa a gaɗa. Kafin kasuwa ta zagayo, yaran wasu ƙauyuka da ba su taɓa ganinsa ba suna yi. Ya je gaban dagaci kai kuɗin haraji, wani bafade ya ce sannu da zuwa Ƙirga-ƙwaya.

Bai je wurin Gwaggo ba, ko kallon banza bai yi mata ba. Mijin yarinyar ya kira. Abin da aka faɗa a zauren ba a sanar da mata ba, amma da magariba aka ga ta fita da ƙunshin kayanta, ƙanin mijin na biye. Ni na kasa ganewa, na ce wa uwar kakanki, Inna, ai ba ita ta ƙaga ba, mai ƙagawa ga ta can tana suyar ƙuli. Ta ce, yarinya, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ta ce Gwaggo ta faɗa a inda zai iya ramawa, kuma ya rama, an tashi biyu babu. Ita kuwa waccan da wane baki zai rama mata? Ya tsaya cacar baki da sa'ar 'yar cikinsa?

Gwaggo da kanta ta ɗauki kwalbar man gyaɗa ta je ta ba shi baki, sannan ta bi sawun yarinyar har garinsu ta yi biko. Ta dawo da ita, amma a hanya ta wanke ta tas. Yarinyar ce ta gaya mini daga baya, mun zama ƙawaye har ta rasu. Wai ce mata ta yi, waƙar daɓe a daɓe ake binne ta, shi ya sa ake bugu a kai. Sunan kuwa bai fita ba. Mutumin ya mutu da shi. Jikokinsa suna nan, wasu da manyan mukamai, amma in baƙo ya tambayi gidansu, abin da yara za su ce masa ke nan.

To yanzu ki dubi Baffanki. Shi ba taubashinki ba ne, uba ne. In kin yi masa, ba shi da hanyar ramawa, sai dai ya yi shiru ko ya yi fushi, kuma na san shi, shiru zai yi. Na tabbata in a tsakar gidan nan ya tsinci baitin ana tsintar wake, zai yi murmushi ya ce Allah ya shirye ki. Amma a ce ya faka a teburin mai shayi, wani yaro da bai kai ɗansa ba ya ɗaga waya ya ce ga sarkin tari nan? Mutum mai 'ya'ya mata a gabansa, surukai na zuwa gaisuwa?

Ba wai an hana ku wasa ba ne. Allah ya ba ki abokan wasa har sun yi miki yawa. Ga ni nan, ki yi mini duk wadda kika ga dama, haƙorana ma da suka zube ki sa, zan rama. Ga 'ya'yan gwaggonninki da na kawunnanki. Ranar da kika yi aure, ƙannen mijinki naki ne. Waccan ƙawar taki Bazazzagiya da kika zo da ita bara, ai kin ga yadda muka kwashe da ita, Bakano da Bazazzagi ba a shiga tsakaninsu, haka Bafulatani da Babarbare. Ko yara an ba su goma ga azumi su yi tashe, su sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho, su tsokani gwauro da marowaci, kowa ya yi dariya ya ba su hatsi. Magabata ba su toshe bakin kowa ba, sun dai nuna wa kowa inda zai zubar.

Abin da yake damuna da ku 'yan yanzu, kun iya haɗa magana, wallahi kun iya, wani abin da yaron nan yake karanta mini sai in riƙe baki. Amma ba ku san fuskar wanda kuke yi wa ba. Gwaggo tana yi tana kallon wuri, in ta ga ido ya fara canzawa ta juya akalar tun kafin a ji ciwo. Ku kuwa kuna ɗaki ku kaɗai, ku danna, ku kwanta barci. Kuma abin ba ya bin jiya. An ce mini wanda aka rubuta shekara biyar da ta wuce ana iya tono shi yau a aika wa wanda ba a haifa a garinku ba. Injin niƙa ya zo ya hutar da hannunmu, na gode Allah, ba zan yi ƙaryar ina kewar kanta a tafin hannu ba. Siminti ya zo, yanzu har tayil ake sa wa amare a ƙauyen nan. Amma tun da aka daina taruwa a durƙusa wuri ɗaya, matan gidan nan in abu ya ci su sai dai kowace ta shige ɗaki da wayarta. Ran nan biyu suka yi sati ba sa magana saboda wani abu da ɗaya ta sa a sitatus, ɗaki na kallon ɗaki.

Ba na ce ki daina ba, kada ki je ki ce Kaka ta hana. Waccan da kika yi wa butar ɗakinku mai yoyo, da ta layin ɗiban ruwa, sun yi daɗi, ki ƙara irinsu. Ki riƙa buɗewa da sunan Allah ko da a zuci ne. Kuma ki riƙa faɗa da baki kafin ki rubuta, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in harshe ya yi tuntuɓe a wuri to akwai gyara. A ta babur ɗin, layinki na uku da na huɗu sun zauna, na farkon ne yake ɗingishi kaɗan.

Shi babur ɗin ai ba shi da uwa ba shi da suruki, ba wanda ya hana a yi masa waƙa. Ko dole sai an san mai shi? Sannan akwai 'yar kawun Baffan naki da ke aure a Taura, bakinta ya fi naki kaifi, kuma ita tana da izini. In baiti ya faɗa hannunta ranar wani suna ko biki, ta faɗa a gabansa, ni ban ga komai ba, ban ji komai ba. Maganar ɗorawa a waya kuwa ki bari sai kin zo hutu, ba ta takarda ba ce. Ki taho mini da man zafi irin na wancan karon, na kasuwar nan ruwa ne.

Kafin nan ga naki, na yi shi jiya ina tsinkar zogale:

Ta iya ɗaura baiti da baiti,
Ɗaurin zani sai an taya ta.
Ta ce za ta ƙwace mini miji,
Ko kunu sai an dama mata.

Ki rama in kin isa. Ki gaida mutanen ɗakinku.

Kakarki, uwargida.